Gawon da ba shi ne tsakiyar gona ba

Daga Allah muka zo, wurinshi za mu koma, sai dai Kaka ya riga mu. Ya rasu cikin bazarar bana, bayan azahar, a kan tabarmarshi cikin zaure. Ni na kai mashi fura. Na yi sallama, na sake yi, na ce ko barci ne, na taɓa ƙafarshi. Har yau ban ƙara ɗaukar ƙwaryar furar nan ba, sai na koma damu cikin kwano.

Mahaifin Inna ne. Mu muna ce mashi Kaka, amma duk garinmu Dakoro Mushe ake kiranshi, wato malam da Faransanci, saboda shekarun da ya yi yana koyar da lissafi a koleji kafin ya aje aiki. Ranar da aka kai shi, mu mata muna cikin gida, muna ji muna leƙen zaman makokin ta bayan katanga. Wani jandarma mai furfura ya zo daga Maradi, ya tuɓe hular aiki, ya zauna ƙasa kamar ɗan lakkwal gaban malamin aji, ya kama kunnenshi na dama ya ce, “Ku duba da kyau, wanga ya hi ɗan'uwanshi tsawo. Aikin Mushe ne.” Maza suka yi dariya, wasu suna share ido da hannun riga. Mai shagon bakin titi ya zo da ɗaurin kwalayen shayi da na sabulu waɗanda ya tara ma Kaka, ya aje su bakin ƙofa, ya rasa wanda zai ba. Wani tsohon Buzu ya sauko daga wajen Azagor bisa raƙumi, ya yi gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarma har la'asar. An ce wata shekara bisashenshi sun faɗa gonar Kaka, aka kama su za a kai ƙara, Kaka ya ce a fara ba mutumin ruwa ya sha, daga nan kuma maganar ba ta sake tashi ba.

Da nan abin ya tsaya, da ban ɗauki biro ba.

Ranar sadakar uku, ana cikin rabon gumba, muryar Kawu Babba ta tashi cikin zaure. Ƴaƴan Kaka huɗu ne: Kawu Babba da ke noma nan gida, Kawu Ƙarami da ke tuƙin mota a Maradi, Inna, da Inna Ƙarama. Tsohuwarmu, matarshi, ta riga shi da daɗewa. Abin da ya bari na kirki gona ɗaya ce. Kawu Babba ya ce hadari ya fara haɗuwa gabas, shuka ba ta jiran hawaye, gara kowa ya san nashi. Ya ce abin ba wuya, kowa ya san gawo ne tsakiyar gona, a ja iyaka daga gawo zuwa kusurwa uku: gefen ƙorama nashi, gefen hanya na ƙaninshi, gefen burtali na mata su raba.

Inna Ƙarama ba ta iya haɗiye magana. Ta ɗaga murya ta bayan katanga, “Yaya, gawon da in saniya ta miƙa wuya daga burtali tana cin ƴaƴanshi, shi ne tsakiya? To mu mi za mu noma, kashin shanu?”

“Ke, da maza nike magana!”

“Ai ubanmu ɗaya, Yaya, ba a kasuwa aka tsinto mu ba!”

Sai na ji mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, suna kaɗe takalma. Wasu ko gumbar ba su karɓa ba. Tun ranar, in aka ambaci gidanmu wurin ɗibar ruwa, ba a cewa gidan Mushe, sai a ce gidan nan da aka yi rabon gona gumba ba ta ƙare ba. Kunyar wannan ce ta sa nake rubutun nan. Mutumin ya fi ƙarfin a tuna shi da hayaniyar ƴaƴanshi.

Kaka bai ganin kwali ya ƙyale. Yana da wani tsohon almakashi da ya ɗaure ma hannu tsumma, in ya zauna zaure sai ya yi ta yanka kwali mai kusurwa uku, wani dogo kamar harshen wuƙa, wani gajere mai faɗi. A lakkwal tiriyangil muke cewa, shi kuwa a gida alwatika yake cewa. Sai ya tara yaran unguwa, ya kafa ƙayar aduwa cikin ƙasa, tsinin sama, ya ce duk wanda ya zaunar da kwalin bisa tsinin ƙaya bai faɗi ba, akwai dabino. Su yi ta gwadawa, kwali yana tuntsurewa. In sun gaji ya karɓa, ya nemi rabin kowane gefe ya ɗiga alama, ya ja layi daga kowace kusurwa zuwa rabin gefen da ke fuskantarta. Inda layukan suka haɗu ya ɗora bisa ƙaya, kwali ya zauna daram kamar an liƙa shi. Dabinon kuma ya raba masu duka, har wanda ya yi kuka. Mu a aji santir da garabite aka koya mana, muka haddace, muka manta. Shi cibiya yake ce mata. Yana cewa, “Ido maƙaryaci ne, ƙaya ba ta san ɗan sarki ba.”

Tsohuwarmu da tana da rai ta sha yin faɗa da shi kan haka. Ta taɓa ɓoye kwalin da take aje kayan yaji, ya gano shi, ya zazzage kayan cikin faifai. Ta ce, “Malam, wata rana zanen jikina za ka yanka.” Ya ce, “Naki kusurwa huɗu gare shi, ba ruwana da shi.”

Ni kuwa amaryarshi yake kirana, irin wasan kaka da jika. Tun da babana ya rasu Inna ta dawo da ni gidan, in na gifta sai ya ce, “Amarya, yau ma ba kwalliya? Zan ƙaro wata daga Birnin Lalle.” In ce, “Ƙaro mana, wa zai so tsoho mai wasa da kwali?” Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Ba waliyyi ba ne. Yana da zafin hannu a aji, jandarman nan bai yi ƙarya ba, kuma in ya kafe kan magana ko jaki sai ya sara mashi. Na ga faɗanshi da Kawu Babba sau ɗaya, bayan girbi, gindin rumbu. Kawu ya ce shekara da shekaru shi ke kai taki gefen ƙorama, shi ke kwana tsaron bisashe, ya kamata Baba ya faɗa gaban mutane inda nashi ya tsaya tun yana da rai. Gaskiya ne, ba wanda ya zubar da gumi a gonar nan kamar Kawu. Kaka ya ce, “Ba a rabon gadon mai rai. In ka ƙagu, ga ni, ka haƙa mani rami.” Kawu ya jefar da damin da ke hannunshi ya fita. Sun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su. Yanzu ina cewa da ya buɗe baki ranar, da ya ɗauke mana wannan abin. Allah ya yafe mashi, ni ma ya yafe mani da nake faɗin haka kan wanda ke kwance.

Shekarar da na faɗi jarrabawar birbe ta gama koleji, na shige ɗaki na ƙi fita. Ƙawayena biyu sun ci, ana buɗar murna a gidajensu, ni ina jiyowa. Inna ko leƙo ni ba ta yi ba. Ni ce ta fari, ko sunana ba ta faɗi, balle lallashi. Kaka ne ya tsaya bakin ƙofa ya buga sandarshi.

“Amarya, hito ki raka ni.”

“Kaka, ba ni da lahiya.”

“Na san ciwon. Ɗauko mayahi.”

Bai bi da ni ta lungu ba. Ta tsakiyar kasuwa ya ratsa da ni, yana tsayawa kowace rumfa, yana cewa, “Ga jikata, bana ta hwaɗi, baɗi za ta koma.” Na so ƙasa ta tsage. Amma da muka fita ta ɗaya bakin, ba sauran wanda zan ɓoye ma, kowa ya ji daga bakinshi, kuma ba wanda ya isa ya yi dariya gabanshi. Shekarar da ta biyo na ci.

Daga kasuwar gona muka wuce. Gonar kusurwa uku gare ta: ƙorama ta yanke ta ta gefe ɗaya, hanyar mota ta wani gefen, burtali ta na uku. Gawon yana can wajen burtali, nan Kaka ke shimfiɗa buzunshi. In zai fita gida cewa yake, “In an neme ni, ina tsakiyar gona,” kowa kuma ya san gindin gawo yake nufi. Don haka ba na cewa Kawu ƙarya ya ƙaga. Abin da ya ji tun yana yaro ne ya maimaita.

Muka zauna, Kaka ya ce, “Ke da kika yi koleji, ina cibiyar gonar ga?”

Na ce, “Ga mu bisa kanta.”

“Shi ya sa kika hwaɗi. Nan cibiyar inuwa ce.”

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana gonar da yatsa, ya ja layukan nan uku. Ya nuna mani sun yanka ta gida shida. Ya ce kamanninsu daban, wani siriri wani mai ciki, amma faɗin ƙasarsu ɗaya, ba wanda ya fi wani ko da tafin hannu. Na ce ban yarda ba. Da muka koma gida ya yanka kwali haka, ya rataya guntayen biyu-biyu jikin karan gero da zare, kamar ma'aunin mai goro, kara bai karkata ba ko sau ɗaya. Can gindin gawo kuwa, na tuna ya daɗe yana kallon zanen, ya ɗora yatsa biyu nan, biyu can, ɗaya, ɗaya. Sannan ya goge da hannu ya ce rana ta yi. Da dare na ba Inna labari don kawai in sa ta dariya. Ba ta yi dariyar ba. Ashe ta riƙe.

Bayan sadakar bakwai liman ya ce a haɗu gona da safe. Ga kawunaina, ga dattawan unguwa, ga tsohon Buzun nan da bai koma ba tukuna. Inna da Inna Ƙarama suka tsaya nesa kaɗan, ni ina bayansu riƙe da butar ruwa. Abin da ke gabanmu a fili yake. Inna ba ta da miji, ba ta da sana'a sai abin da ta noma. In aka ja daga gawo, abin da zai faɗo mata ɗan siririn tsiri ne bakin burtali, wanda ko bisashe ba su shiga ba, ba zai kai mu rani ba.

Liman ya ce hukunci sananne ne: namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, kashi shida ke nan. Ya ce da gonar mai kusurwa huɗu ce da igiya ta gama magana, amma wannan mai tsini, duk ta inda aka ja sai wani ya ce an cuce shi. Kawu Babba ya fara nuna gawo da baki.

Sai na ji muryar Inna, wadda ban taɓa ji ta tashi gaban maza ba. “Malam, yarinyar nan ta sani. Baba ya gwada mata.”

Duk suka juyo. Butar ta kuɓuce mani, ruwa ya zube bisa ƙafata.

Kawu Babba ya tako har gabana, da hauya a kafaɗa. “Ke? Ni na yanka ragon sunanki. Ke za ki gwada mani gonar ubana?” Ya sauke hauyar da ƙarfi, ta nutse cikin ƙasa kusa da yatsuna, rairayi ya fantsamo mani har fuska. Na san ba ni ya nufa ba. Na sani, amma har yau in aka sari itace kusa da ni sai gabana ya faɗi.

Liman ya ce, “Haba, Alhaji. Bari mu ji. In shirme ne ai kunnenmu zai gaya mana.” Ya dube ni. “Ɗiyata, hwaɗi.”

Ban iya ɗaga kai ba. Na durƙusa, na ja mayafi, na zana a ƙasa kamar yadda Kaka ya zana, layin ya fito kamar sawun maciji. Muryata ba ta fita, sai Kawu Ƙarami ya sunkuyo yana ji yana maimaita masu. Na ce a auna kowane gefe a kafa alama a rabinshi. Na ce gefen ƙorama zai zauna hannun Kawu Babba kamar yadda yake so, gida biyu, gefen hanya gida biyu, gefen burtali gida ɗaya ɗaya. Inda za a ja iyakar ne kawai zai gusa.

Aka kawo igiyar guga, aka bi gefe uku ana aunawa, aka kafa dogayen sanduna a rabin kowane, aka ɗaura masu fararen tsumma. Gona fayau take, ba kara ba ciyawa, ana hango komai. Sai aka zo wurin da ban yi tunani ba: ba a jan layi cikin gona da regil kamar bisa takarda. Dole mutum ya tsaya a kusurwa ya hangi sandar da ke fuskantarshi, wani kuma ya shiga tsakiya ana gyara mashi tsayuwa da hannu har ya tare sandar. Liman ya ce wadda ta kawo maganar ita za ta shiga.

Haka na taka cikin gonar ni kaɗai, maza suna kallona ta kowane gefe. Ni da ko zaure ban ratsawa in akwai baƙi. Kawu Ƙarami ya tsaya kusurwa ɗaya, tsohon Buzu ya ce idonshi ya saba da nesa, ya tafi ta biyu. Wannan ya kaɗa hannu in matsa gabas, wancan ya kaɗa in ja baya, ina tafiya kamar akuyar da ake kora, har dukansu suka ɗaga hannu sama. Na tsaya. Na waiga, gawo yana can nesa bayana, cikin rabon mata.

Kawu Babba ya ce wannan haɗin baki ne, layi biyu ai ko'ina aka ja su sai sun gamu. Maganarshi daidai ce, kuma amsarta na sani, sai dai faɗinta ya fi komai nauyi. Na ce da liman, in aikin gaskiya ne, wanda ya tsaya a kusurwa ta uku shi ma zai gan ni na tare sandarshi, ba tare da na gusa ba. In bai gan ni ba, a bar maganata.

Kawu ya ce, “Ni zan duba. Da idona.”

Ya tafi kusurwar da ƙorama ta gamu da hanya. Tafiya ce mai nisa, murya ba ta kaiwa. Aka ce in ina bisa layi ya ɗaga malafarshi, in ba na bisa ya kaɗa hannu. Ba wanda ya bi shi. Duk abin da ya ce ya gani, shi ke nan, ba mai ƙaryata shi. Na tsaya cikin rana, ina jin gumi yana bin bayana, ina tsoron ko numfashi ya gusar da ni. Na hango shi ya tsaya, ya sunkuya, ya miƙe, ya matsa gefe ya dawo. Ya daɗe.

Sannan ya cire malafar ya ɗaga ta sama.

Bai dawo wurinmu ba. Ya mayar da ita kai, ya bi bakin ƙorama ya nufi gari. Kawu Ƙarami ne ya sara reshen aguwa ya zo ya ce, “Ɗaga ƙahwarki, ɗiyata,” ya dasa a sawuna don alamar iyaka.

Ba a yi mani buɗa ba, kuma ban so a yi ba. A unguwa wasu na cewa ɗiyar lakkwal ta tsaya tsakiyar maza ta ƙwace ma kawunta itace. Matar Kawu ta daina aiko mana da tuwo. In zan wuce ƙofar gidanshi sai in sauya hanya. Wani lokaci ina cewa da na yi shiru na ce na manta. Sai in dubi Inna tana gyaran iri, in tashi in kama mata. Kaka ya koya ma rabin garin nan lissafi, bai taɓa jefa ni cikin gaba da kowa ba sai da ya kwanta.

Ruwan farko ya sauka, muka fita shuka. Inna tana sara da sungumi, ni ina bi ina zuba iri ina rufewa da diddige. Kawu yana nashi gefen shi da ƴaƴanshi, ba wanda ya tsallaka aguwa. Da rana ta take, yaran suka tafi gida ɗauko abinci, shi ya zauna bisa tudun ƙorama cikin rana tsaka, ya ba mu baya. Duk rabonshi ba itace ko ɗaya. Inna ta cika kwano da ruwa ta miƙo mani ba ta dube ni ba.

“Kai ma yayana. Ki ce ya zo inuwa.”

Na ɗauka da hannu biyu, rabin ruwan ya zube kafin in kai. Na durƙusa nesa da shi kaɗan. “Kawu, sannu da aiki. Inna ta ce ka zo inuwa.”

Ya dubi kwanon. Na ce yanzu zai kore ni. Sai ya miƙo hannu ya karɓa, ya sha, ya zuba sauran bisa kai. Ya juya ya dubi gawon, wanda ya riga ya fara zubar da ganye kamar yadda yake yi duk damina.

“Gawo da damina wace inuwa gare shi?” Ya miƙo mani kwanon. “Ki ce ma uwarki ta bari sai rani, in ya yi ganye.”

Na koma na faɗa ma Inna. Ta ɗauki sungumi ta ce in zo mu ƙarasa layin.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mashi makwanci, ya sanyaya ƙasar da ke bisanshi. Wanda duk ya taɓa zama ajinshi ko zaurenshi, in wannan ya iso gare shi, ya yi mashi addu'a. Mu kuma Allah ya kai mu rani da rai, mu duka.